Dalar Gyaɗa A Gindin Ƙarfen Sabis

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, muna so mu tattauna da ku a kan wani abu wanda kowannenmu ya sha wuyarsa, amma kaɗan daga cikinmu suka tsaya neman tushensa. Duk wanda ya taɓa yin makon rajista a jami'a ya san yadda a ke yi. Mutum ya biya kuɗin makaranta da ƙyar, ya sayi data da ɗan abin da ya rage masa, ya dubi fuskar wayarsa ya ga sabis ya cika maƙil, ga alamar 4G tana ƙyalli, amma shafin rajista ya ƙi buɗewa. A tashi daga ɗakin kwana a koma gindin darbejiya, a tashi daga nan a hau bene, har wasu su haƙura sai ƙarfe uku na dare, bayan jama'a sun yi barci, sa'an nan abu ya tafi kamar ruwa. Wani lokaci laifin na'urar da ke riƙe da shafin ne, ba mu musa ba. Amma idan har gajeren saƙon murya ma ya ƙi fita, to, ruwa ba ya tsami banza.

Abin da muka saba faɗa shi ne a ƙaro mana ƙarfen sabis. Mutanen ƙauye in sun sami ɗan majalisarsu, abin da su ke roƙo ke nan. Shi kuwa in Allah ya sa kamfani ya zo ya kafa, sai ya taho da maroƙa a ɗauki hoto a gindinsa. Ba mu ce ƙarfen ba shi da amfani ba, domin akwai garuruwan da har yanzu sai an hau tudu kafin a gaisa da na nesa. Amma mu a nan harabar jami'a, ga ƙarfen nan muna hangensa ta taga. Ashe ba rashinsa ne ya dame mu ba.

Ga yadda al'amarin ya ke. 'Yan sandunan nan da mu ke gani a goshin waya ba su faɗa mana kome ba illa ƙarfin maganar da ke tsakanin wayarmu da ƙarfen da ke kusa da mu, tazarar da a cikin gari sau da yawa ba ta wuce kilomita ɗaya ko biyu. Saƙon kuwa ba a gindin ƙarfen zai kwana ba. Tilas ne a ɗauke shi daga nan a kai shi wata mahaɗa inda saƙonnin ƙarafa da yawa ke taruwa, daga can a miƙa shi cibiyar kamfani, ita kuma ta san inda za ta jefa shi, ko Legas, ko Landan, ko ma ɗakin da ke maƙwabtaka da namu. Wannan hanya ta bayan fage, wadda ido ba ya ganinta, ita za mu kira hanyar dako, domin aikinta ke nan, watau dakon kayan da ƙarfe ya tara. Idan ita ta yi ƙunci, cikar sabis a fuskar waya kallon kitse ne a ke wa rogo.

Kakanninmu sun san wannan ciwo da wani suna. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa a bayansa, har aka zo zamanin dalar gyaɗa da mu ke gani a hotuna muna alfahari. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, tsayin dalar ba shaidar yawan amfanin gona kaɗai ba ne. Shaida ce kuma cewa layin dogo guda ɗaya tak, da ƙarancin kawunan jirgi da taragu, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun kasa kwashe abin da manoma suka kawo. Buhuna su yi watanni a jibge, ƙwari na ci, ana jiran tarago. Da a ce wani ya ba da shawara a lokacin cewa maganin abin shi ne a ƙara gina tashoshi masu kyau, da an yi masa dariya. To, ƙarfen sabis tasha ne. Abin da ya taru a gindinsa a makon rajista dalar gyaɗa ce, sai dai ba a iya ɗaukar hotonta.

Wanda ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen da kyau zai ga kaya iri biyu. Akwai dogayen allunan nan farare, su ne ke magana da wayoyinmu. Akwai kuma wasu masu kama da ganga, kowacce ta juya fuska wajen wani gari. Waɗannan su ke harba saƙo ta iska zuwa wata gangar da ke kan wani ƙarfen, da igiyar rediyon da a ke ce wa maikurowef. Sharaɗinsu shi ne su ga juna ido da ido. Dutse ko dogon gini ko doron ƙasa ya shiga tsakani, magana ta yanke, saboda haka zango ɗaya ba ya wuce 'yan gomiyoyin kilomita. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana raunana su, shi ya sa hadarin Agusta kan tafi da sabis ɗin wani gari alhali ƙarfensa na tsaye lafiya lau.

Ba don wauta aka rungumi wannan hanya ba. Lokacin da aka yi gwanjon lasisin wayar hannu a watan Janairu 2001, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, aka kuma fara aiki a watan Agusta na shekarar, layukan tarho da NITEL ke da su a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Sababbin kamfanonin suka duba ba su ga wata hanyar kirki da za su yi haya ba, sai kowa ya shiga gina tasa, ganga kuwa ta fi haƙa rami sauri da araha. Kuma a wancan zamani ta wadatar. Murya ba ta da nauyi: layi mai ɗaukar megabit 2 a daƙiƙa, wanda aka tsara tun asali don hirar tarho 30, ɗaya ko biyu sun isa ƙarfe guda. Yau kuwa bidiyo ɗaya mai kyau da ɗalibi ɗaya ke kallo yana iya cinye wannan layin dukansa. Mu ɗauka, a misali, hanyar dakon wani ƙarfe tana ɗaukar megabit 200, ɗalibai 500 kuma suka taru a kansa lokaci guda. Kowa bai sami ko rabin megabit ba. Sirrin ƙarfe uku na dare ke nan, babu wani aljani a ciki.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne jerin gwano. A karkara akan ɗaura ƙarfe a bayan ƙarfe: na ƙauye ya miƙa wa na gunduma, na gunduma ya miƙa wa na hedkwatar ƙaramar hukuma, shi kuma ya miƙa wa na birni. Na gaba yana ɗauke da kayansa da na duk waɗanda ke bayansa. Ranar da dizal ya ƙare a janaretansa, ko ɓarayi suka kwashe baturansa, ba gari ɗaya ne zai yi shiru ba. An ga wannan ƙarara a watan Satumba 2012, lokacin da 'yan Boko Haram suka bi ƙarafan sabis suna ƙonawa a Borno da Yobe da wasu jihohin Arewa: ƙarfen da wuta ba ta taɓa ba ma yakan mutu, in wanda ya ke jingine da shi ya faɗi. Haka nan a duk inda hanya ta gagari mai tankar dizal da mai gyara saboda 'yan bindiga, sabis kan mutu a hankali ba tare da kowa ya sa hannu a kashe shi ba.

Maganin ƙuncin an san shi, ba sabon abu ba ne. Shi ne zaren gilashin nan da a ke kira faiba, siriri kamar gashin kai, wanda haske ke gudu a cikinsa kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Daga Kano zuwa Legas, tafiyar da mota ke kwana a kanta, bai fi masa kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Ruwan sama bai dame shi ba, kuma in an so ƙara yawan abin da ya ke ɗauka, na'urorin bakinsa biyu kawai za a sauya, ba sai an sake tono ba. Shi kansa zaren ba shi ne mai tsada ba. Tsadar tana wajen ramin da za a binne shi, da kuma izinin haƙa ramin. A nan ne maganar ta bar hannun injiniyoyi ta dawo hannunmu.

Kafin mu zo kan izini, mu dubi taswira. Duk manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa ƙasar nan da duniya a gaɓar kudu su ke sauka, kusan dukansu a Legas: SAT-3 tun farkon shekarun 2000, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, ACE a bayanta, Equiano na kamfanin Google a 2022, sai 2Africa wadda ta taɓa har da Akwa Ibom a 2024. Manyan rumbunan ajiyar bayanai ma yawancinsu can su ke. Wannan ba laifin kowa ba ne, can teku ta ke. Amma sakamakonsa shi ne, arziƙin ya taru a bakin ruwa, shigo da shi cikin ƙasa ya zama aiki, har masu wannan sana'a sun daɗe suna kukan cewa kai saƙo daga Legas zuwa wani birni na cikin gida ya fi kawo shi daga Landan tsada. Mai karatun tarihi zai ga fuskar layin dogon Turawan mulkin mallaka a nan: kome daga tashar jirgin ruwa ya ke farawa, a can kuma ya ke ƙarewa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka yanke a teku daura da Kwaddibuwa, mai shago a Kantin Kwari ya ji a jikinsa, ko da ya ke bai taɓa ganin teku ba. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar, da ba su da gaɓa ko taki ɗaya, nasu dakon ma sai ya ratsa ƙasar wani tukuna.

To, izini. A yawancin jihohi, kamfanin da zai binne zare a gefen hanyar jiha sai ya biya gwamnatin jihar kuɗi a kan kowace mita. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziƙi ta Ƙasa, wadda gwamnoni duka ke cikinta, ta amince a tsayar da kuɗin a kan naira 145 kowace mita. Aka watse daga taro, jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar abin da suka ga dama. Jihar Ekiti, alal misali, naira 4,500 ta ke karɓa kafin ta sauko zuwa 145 a watan Mayu 2020. Mu yi lissafi irin na 'yan firamare: a farashin farko, izinin kilomita 100 naira miliyan 450 ne, tun ba a sari ƙasa sau ɗaya ba, a na biyu kuwa miliyan 14 da rabi. Kamfani ɗan kasuwa ne, ba waliyyi ba. In ya ga haka sai ya binne zarensa a unguwannin da zai mai da kuɗinsa da wuri, ya bar wa sauran ganga. A cikin watan nan na Mayu 2020 Jihar Kaduna ta yafe kuɗin baki ɗaya, wanda ya nuna cewa abin ba gagara ya yi ba.

Mun san hujjar da a ke kawowa, kuma ba za mu yi kamar ba ta da nauyi ba. Jihohi na fama da albashi, an matsa wa kowace hukumar tara haraji ta ninka abin da ta ke kawowa, kamfanonin waya kuwa suna da kuɗi, kuma in sun haƙa titi ba kullum su ke mai da shi yadda suka same shi ba. Gaskiya ne. Amma kuɗin gyaran titi daban, harajin hana shigowa daban. A sa kamfani ya ajiye jingina, in ya gyara ramin a mayar masa, in ya ƙi a gyara da kuɗinsa. Jihar da ta karɓi miliyoyi sau ɗaya ta kori zaren da zai yi shekara ashirin yana yi wa asibitinta da makarantunta da 'yan kasuwarta aiki, ta yi abin manomin da ya daka irin shukarsa ya dama fura.

Inda aka samu aka binne kuma, sai katafila ta zo. Babu wanda ya kai masu aikin hanya yanke zaren faiba a ƙasar nan. Ma'aikatar ayyuka ta ba da kwangilar faɗaɗa titi ko haƙa magudanar ruwa, babu taswirar abin da ke ƙarƙashin ƙasa a cikin fayil, babu wanda ya buga wa kamfanin waya, direban katafila kuwa bai san abin da ya tsinka ba sai ya ga wani baƙin igiya a haƙoran motarsa. Ga kuma masu tonowa da zaton akwai jan ƙarfe a ciki, su sha wahala su tarar da gilashin da ba mai saye. A 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. Madalla. Amma umarni ba ya gaya wa direban katafila inda zare ya bi. Takardar da ke hannun injiniyan ma'aikata ce za ta gaya masa.

Kada kamfanoni su ji mun wanke su. Su ma suna da nasu kason, kuma ba ƙarami ba ne. Sau nawa muka ga an haƙa gefen titi ɗaya sau uku, kowane kamfani da raminsa, a hanyar da ke da riba, alhali ga ƙananan hukumomi can da ko ɗaya bai leƙa ba? Sau nawa 'yan kwangilarsu ke binne zare a rami marar zurfi, wanda ruwan damina ɗaya ke tonewa? Kuma hanyar dako mai hankali zobe a ke yinta, yadda in an yanke ta gabas saƙo zai zagaya ta yamma. Wanda ya shimfiɗa igiya ɗaya tilo zuwa babban gari don tsimi, shi ya shirya wa kansa ranar baƙin ciki, mu kuma ya shirya mana. A watan Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince musu su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, bisa hujjar tsadar dizal da faɗuwar naira. Mun biya, domin ba mu da zaɓi. Haƙƙinmu ne a gaya mana, jiha jiha, ƙarafa nawa ne aka haɗa da zare da wannan kuɗi, ba yawan sababbin allunan talla ba.

Haka ma zancen 5G. An yi gwanjonsa a watan Disamba 2021, kamfanoni biyu kowanne ya biya dala miliyan 273.6, aka fara aiki da shi a 2022. Ƙarfen 5G na iya zubo kaya ninkin-ba-ninkin na 4G, amma fa sai in akwai hanyar da za ta kwashe. Ɗora shi a kan tsohuwar ganga daidai ya ke da faɗaɗa bakin tulu a bar wuyansa yadda ya ke. Wasu abokanmu kuma sun ce a daina wahalar tono, tauraron ɗan'adam ya zo, tun da Starlink ya fara aiki a Nijeriya a farkon 2023. Lalle taurarinsa na kusa, kimanin kilomita 550 a sama, ba kamar tsofaffin da ke can kilomita 36,000 ba, waɗanda kan sa magana ta yi jinkirin rabin daƙiƙa. Ga rugar da ke tsakiyar daji ko tsibirin Tafkin Chadi, wannan rahama ce. Amma ba da shi za a ɗauki nauyin Kano ko Zariya ba, kuma kuɗinsa waje ya ke fita.

Gwamnatin Tarayya ba ta rasa tsare-tsare ba, wannan kam mun shaida. An taɓa raba ƙasar shiyya bakwai aka ba kamfanoni lasisin shimfiɗa zare, abin bai haifar da ɗa mai ido ba. Tsarin 2020 zuwa 2025 ya yi burin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin 100, wa'adi ya cika ba a kai ba. A watan Mayu 2024 kuma Majalisar Zartarwa ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000. Muna yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya. Sai dai kowace mita ta wannan dubu casa'in a ƙasar wata jiha za ta kwanta, a gefen titin wata ma'aikata, ta gaban ofishin wani sakataren ƙaramar hukuma wanda zai iya aiko da yaransa su tsayar da aiki sai an biya wani harajin da ba ya cikin kowace doka.

Shi ya sa muka ce da ku mu ke, yayyenmu na ma'aikatar ayyuka, da na filaye, da na hukumar haraji, da mu da za mu same ku can nan da shekara ɗaya ko biyu in Allah ya yarda. Ba a kan teburin Minista a ke yanke yawancin wannan hukunci ba. A kan teburin ƙaramin jami'in da ke rubuta daftarin kwangila ne. Lokacin da a ke gina sabon titi, ramin a buɗe ya ke, motocin haƙa na wurin, an riga an biya su. Sanya bututun roba biyu ko uku a gefensa, da ramukan dubawa a kan tazara, ɗan ƙaramin abu ne in an gwada da kuɗin kwalta. Bututun ya zama mallakar jiha, kowane kamfani ya zo ya zura zarensa ya biya haya daidai wa daida, ba mai sake fasa titi, jiha kuma ta sami kuɗin shiga na kowace shekara maimakon na rana ɗaya. A ajiye taswirarsa a ma'aikata, a kuma rubuta cikin sharuɗɗan kowace kwangila cewa ba a sa katafila a ƙasa sai an duba ta, wanda ya yanke kuma shi zai biya.

Mu ma a nan gida akwai abin da za mu fara da shi. Muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai, in sun zauna da hukumar jami'a kafin rajista mai zuwa, kada su tsaya a kan roƙon ƙarin ƙarfe. Su tambaya: ƙarafan da ke cikin harabar nan, wanne ne ke kan zare, wanne ke kan ganga? Zaren ta ƙofa ɗaya ya shigo ko ta biyu? Kuma in wani kamfani ya nemi ya ratsa da zarensa ta filin jami'a zuwa unguwannin da ke bayan katanga, nawa a ke cewa ya biya, kuma wata nawa takardarsa ke yi a ofis kafin a sa mata hannu?